Mutumin da ke Ƙarƙashin Buhu

Ni malamin firamare ne, kuma duk ƙauyenmu an san ni da tsince-tsincen takarda. Matata cewa take da ni da akuya ba a ajiye kalanda kusa da mu, kuma ba ta yi ƙarya ba. Da azumi ya raba tsakiya nakan shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar, in fito da almakashi da reza da kwalin sabulu da ƙaron da na jiƙa a murfin kwalba, in hau haɗa katin barka da sallah. Tsofaffin hotuna nake so: kan sarki na wasiƙun da, jirgin ƙasa daga yagaggen littafin karatu, shanun huɗa daga kalandar masu taki. In yanka, in manna, in zagaye gefen da ɓawon kara, in danne da buhun gero har ya bushe. Yanzu kowa ta waya yake gaisuwa, fure ɗaya mai ƙyalƙyali a tura wa duk wanda aka sani. Ni haushi abin yake ba ni.

Hoto ɗaya ne ban taɓa kai wa almakashi ba. Yana ɗakin Inna, mahaifiyata, a saman jeren kwanoninta. Tsohuwar kalanda ce, kwanakin sun daɗe da yagewa, saura hoton dalar gyaɗa ta Kano da hayaƙi ya rine. 'Yan dako suna hawa da buhuna. Can gefen dama akwai wani da buhu ya rufe wa fuska, ba ka ganin komai sai dantse da gajeren wando da hannu ɗaya a ƙugu. Wannan shi ne babana.

Ya rasu ina rarrafe, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Tun ina ƙarami Inna ta nuna mini shi a bangon nan, na kuwa riƙe. Na sha kawo abokai su gan shi, har na taɓa fasa wa wani baki don ya ce ƙafafun a bauɗe suke. Da na isa ɗaukar buhu a gona, hannuna ɗaya a ƙugu nake sawa, don haka ubana yake yi.

Wata damina ɗakin Inna ya yi yoyo, ruwa ya fara cin gefen takardar. Hankalina ya tashi. Da azumi ya zo na roƙe ta aron hoton. Ta ce, "Ka dai dawo min da shi." Na shiga mota zuwa Ɗambatta, aka yi mini fotokwafi, aka ƙara wa mutumin girma. A shekarar ban taɓa jirgi ko shanu ba. Shi kaɗai na yi ta yankawa ina mannawa, domin dangin ubana. A ƙasan kowane kati na rubuta da boko da ajami: Allah ya jiƙan mahaifinmu. Ban taɓa aikin da ya yi mini kyau kamarsa ba.

Ranar sallah, ana saukowa daga idi, na ratsa gonaki zuwa gidan Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi kaɗai ne namijin da ya rage a ɗakinsu. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa da hannu biyu. Ya kai katin nesa, ya dawo da shi kusa da hanci.

"Wannan fa, ɗana?"

"Yayanku ne, Baffa. Lokacin da yake dako a Kano."

"Wane yayan?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Yayana bai taɓa dako ba. Da rani rijiya yake haƙa wa mutane. Kuma siriri ne kamar kara. Wannan ƙaton ai buhu biyu zai ɗauka."

Yana ɗago kai ya ga fuskata, dariyar ta tsaya. Ya fara cewa wai ko idonsa ne, tsufa ya zo. Na yi masa sallama ban ko taɓa tuwon da aka kawo ba.

Na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta tana ɓare goro tana raba wa masu yawon sallah. Na jira suka watse.

"Inna, Baffa ya ce ba shi ba ne."

Ba ta ko tambayi wa nake nufi ba. "To ai ba shi ba ne."

"Amma ke kika nuna mini."

"Ni na nuna maka. Ranar sallah ce irin ta yau, kowane yaro ya bi ubansa idi, kai ka zube a nan kana birgima, sai an nuna maka naka. Na rarrasa na gaji. Na ɗaga kai na ga takardar nan da wani ya ba mu."

"Duk mutanen da ke ciki, me ya sa shi?"

"Shi kaɗai ne ba a ganin fuskarsa. Ba zan ba ka fuskar wani ƙato kana ce masa Baba ba."

Na ce me ya hana ta faɗa mini da na girma. Ta ce ta yi niyya, sai ta ga ina gaishe shi kafin in tafi makaranta, ta kasa.

Na ji haushi, na ji kunya, amma abin da ya fi duka shi ne maraici. Ga ni da furfura a gemu, da 'ya'ya har da jika, ranar nan ce na rasa uba.

Bayan sallah na bi gida-gida ina karɓe katunan. Gwaggonni suka miƙo ba musu, wata ma ta riga ta naɗe daddawa da nata. Na bar gidan Baffa a ƙarshe don nauyinsa nake ji. Na same shi a zaure a kan buzu. Katin yana bango daidai kansa, an kafe shi da ƙusa.

"Na zo karɓar katin nan, Baffa. Kuskure na yi."

"Bar shi."

"Ai kun ce ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne." Ya juya ya daɗe yana kallon bangon. "Ka san, ɗana, fuskarsa ta fara ɓace mini. In na rufe ido muryarsa kawai nake ji daga cikin rijiya. Amma in na kalli wannan, sai in ga kamar da ya sauke buhun zan gan shi."

Na ajiye jakata na zauna kusa da shi, muka ci gaba da kallo tare.