Mutumin da ya ƙi kaɗa hula

Kafin a buɗe gandun shaƙatawa na gwamnati, Baba Mai-ƙofa ya riga ya iso ƙofar yamma. Ya goge idon na'urar da ke ƙirga masu shiga, ya duba batir, ya share saƙar gizo. Da la'asar ya tura wa ofis abin da ta ƙirga. Da waɗannan alƙaluma ake yanke inda za a gyara hanya, inda za a ƙara benci, da inda za a rufe.

Ƙofarsa ba ta cika samun jama'a ba. Tsofaffi ne, da masu jego, da wani tela da shanyewar ɓarin jiki ta kama, yana koyon tafiya, domin nan ne kaɗai hanya ba ta da hawa.

Masu tsaron sauran ƙofofi suna da dabara. In wuri ya yi shiru, sai su yi ta kaɗa hula a gaban na'urar, ita kuwa tana ƙirga mutane. Wani abokin aikinsa ya ba ni labarin yadda suka yi da shi.

"Baba, kaɗa mana! Hular taka ta gado ce?"

"In na kaɗa, gyaran da ya kamata a kai bakin tafki nan za a kawo. Can yara ke zamewa."

'Yarsa ma ta roƙe shi: "Baba, aikinka ne fa zai tafi." Ya ce ya sani.

A taron ofis ya miƙe ya ce mutanensa kaɗan ne, amma ba su da wani wurin. An saurare shi, an gode masa. Ƙarshen watan nan za a rufe ƙofar yamma, shi kuma a sallame shi.

Baba, kai ne ka faɗi gaskiya alhali kana ganin inda za ta kai ka. An kafa shinge a bakin tafki. Iyayen yaran ba su san ka ba.

Jiya na ga Baba riƙe da hannun telan, suna gwada hanyar gabas. Sun tsaya a gindin hawan.

"Baba, ba zan iya ba."

"Yau dai mu zauna. Gobe ma ina nan."

Mun gode, Baba. Ku da aka damƙa wa ƙirga, ku rubuta abin da ya wuce ta gabanku. Ku da ke karantawa a ofis, ku riƙa tambayar su wane ne aka ƙirga.