Daƙiƙa Tara a Akwatin Bappa

Ina da shekara goma sha ɗaya na fara jin sunan Bappa, kuma daga bakin baƙo na ji shi. Wani mutum ne ya tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Jambutu ta Jimeta, da tsani a kafaɗa da kwali a hammata, ya ce, "Yarinya, nan ne gidan Malam Ɗantani?" Na ce babu mai wannan suna a nan. Har ya juya, sai Bappa ya leƙo daga zaure yana dariya. "Shigo, Hosea. Ba laifinta ba ne."

Ba laifina ba ne kuwa. Bappa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Innata ba ta kama sunansa, matarsa Dada ba ta kamawa, mu yara kuma da Bappa muka buɗe baki. Shi ma yana da sunan da ba ya faɗa: Hamma Nu'uman, ɗansa na fari. Kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. "Wancan na Mubi" yake cewa, kuma in Hamma ya shigo gaishe shi, sai ya amsa yana kallon hular da ke hannunsa.

Wankin hula ce sana'arsa. Shekara talatin yana rumfa ɗaya a Jimeta, yana wankewa, ya sa sitaci, ya ɗora a katako, ya jera a rana. Ko daga nesa ya hango hula a kan mutum yakan gane ko wankinsa ce.

Kwalin da Hosea ya kawo dikoda ce mai naɗar shirye-shirye. Hamma ne ya saya daga albashinsa na koyarwa, don Bappa yana rumfa lokacin da ake sa tafsiri. Hosea ya kafa dish, ya haɗa wayoyi, ya ce, "Baba, wannan akwati yana da wayo, da kansa yake magana da kamfani. Amma abin da ya shiga cikinsa ba ya fita, ko a filash ba za ka kwafa ba."

"To ai rowa gare shi," in ji Bappa. Da yake rubutun Turanci ne, ni aka miƙa wa rimot.

Da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya a ƙarshen 2014, Jimeta ta cika da mutane. Hamma ya iso da ƙafa a kumbure, ya kwana biyu, ya shiga aikin sa kai a sansanin 'yan gudun hijira. A lokacin ne akwatin ya sami aikin da ba don shi aka saye shi ba. Bappa ya ce in riƙa naɗar labaran yamma kullum. Washegari maƙwabta su cika zaure, ni ina tsayar da hoto, ina mayarwa baya, suna bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. A nan Maman Keturah, maƙwabciyarmu 'yar Michika, ta hango ƙanwarta a layin abinci. Ta dafa talabijin da hannu biyu tana kuka, Bappa yana cewa, "A hankali, Madam, kar ki fasa mana ita, akwai sauran masu nema."

A labaran wata Talata sai ga Hamma a talabijin. Yana sauke tabarmi daga bayan mota, wani ya yi masa magana, ya waiwayo ya yi dariya, ya share goshi da hannun riga. Daƙiƙa tara, na ƙirga. Zaure ya ɗauki sowa. Bappa ya ce, "Wuce gaba, ba shi muke nema ba."

Bayan sati uku Hamma ya koma arewa neman wasu ɗalibansa da ba a ji ɗuriyarsu ba. Ya kira sau ɗaya daga hanya. Har yau ba mu da kabarin da za mu nuna.

Hotunansa suna cikin wayarsa da gidansa na Mubi da aka ƙone. Sai ɗan fasfo ɗaya na makaranta, fuska a murtuke. Ke nan duk duniya babu inda Hamma yake motsi yana dariya sai cikin akwatin nan.

Bayan La'asar, in gida ya yi shiru, Bappa yakan kira ni. "Zuhra, sa mini labaran Talatar nan. Akwai maganar taki da ban ji da kyau ba." Babu wata maganar taki a ciki. Nakan kai wurin in tsayar, in yi kamar ina gyara batirin rimot. Dada kuwa takan tsaya bayan labule. Sau da yawa na yi tunanin in ari waya mai kyamara in ɗauki fuskar talabijin, sai in ce ai yana nan, ina za shi?

Shekara biyu bayan haka, akwatin ya karɓi wani sabon tsari daga kamfani da kansa, ya sandare. Ina makaranta Hosea ya zo. Dada ce ta ba ni labari. Ranar zaure cike yake da abokan Bappa, har da Malam Muktar, mahaifin matar Hamma.

Hosea ya ce, "Baba, sai an goge komai kafin ya tashi. In akwai abu mai muhimmanci a ciki, faɗa mini, in kai shi ofis su gwada cetowa."

Kowa ya dubi Bappa. A gaban surukinsa, a gaban sa'o'insa, zai buɗe baki ya ce yana ajiye da hoton ɗansa na fari, yana kallo a ɓoye? Dada ta ce sai da ya juya hular hannunsa sau biyu.

"Me zai kasance a ciki? Tsofaffin labarai ne."

"Ka tabbata, Baba?"

"Yi aikinka, Hosea."

Na ce wa Dada, "Ke kina ji, me ya hana ki magana?" Ta ce, "Ni ma ɗan farina ne."

Da na dawo na ɗauki rimot, na buɗe jerin, babu komai. Bappa yana goge wata hula da burushi, bai ɗago ba. "Ya gyaru?" Na ce ya gyaru. Ya ce, "Madalla."

Da Hosea ya ji abin da aka goge, sai da ya zauna a dakalin ƙofar gida ya riƙe kai. Ya yi ta zirga-zirga zuwa tashar da ta sa labarin, aka ce masa ba a ajiye na lokacin ba. Daga nan bai ƙara karɓar ko ruwa a gidanmu ba, duk da babu wanda ya ga laifinsa.

Bappa bai sake neman rimot ba, ko don tafsiri. Ya ci gaba da zuwa rumfa har idonsa ya daina ganin zare. Bara da damina ya rasu. Akwatin yana nan ƙarƙashin talabijin, Dada ta rufe shi da ƙyalle, ta hana a sayar.

Akwai wata La'asar, kafin a goge, da na tsayar da hoton daidai inda Hamma ya waiwayo. Bappa ya daɗe yana kallo. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Zuhra, ke ƙanwarsa ce, babu kunya tsakaninku. Ki riƙa kiran sunansa a gidan nan. Ba sai da dalili ba. Ki ɗan ɗaga murya, yadda zan ji daga zaure."