Turken Bobboi Ya Koma Gashuwa

A bayan karar Nguru, inda ake cinikin shanu, akwai wani gida mai faffaɗan fili da turaku arba'in da uku. Gidan Ba Kalli ke nan, fatoma. Aikinsa ya sauki baƙon da ya koro dabba daga Nijar, ya ba shi tabarma da tuwo, ya ɗaure masa shanu, ranar kasuwa kuma ya tsaya masa har a sallama. In wani ya ce san sata ne, Ba Kalli ake nema, ba baƙon ba. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, mahaifinsa ya yi ashirin da shida kafin shi.

Kowane turke da mai shi. Ba rubutu a jiki, amma Ba Kalli zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya faɗa maka sunan mutum da garinsu. Dokar gidan kuwa ɗaya ce tun zamanin tsoho: ba a tuge turken baƙo sai in ya rasu, ko ya faɗa da bakinsa. Na farko daga bakin zaure, na itacen ƙirya, na Bobboi ne, wani Bafulatani daga wajen Gudumariya, wanda ya fara sauka gidan tun bai yi gemu ba.

Ba Kalli bai yi boko ba, amma mutum ne mai ƙirga. Ya taɓa zama ya lissafa masu cin abinci a jikin sa guda daga iyaka zuwa Legas: mai igiya, mai harawa, mai ruwa, mai tuwo, 'yan lodi, direba, har ya kai goma sha huɗu bai sa kansa ba. Baƙi kuma ba sa komawa hannu sake. Gero, atamfa, takalman roba, sukari, duk a Nguru suke saye. Yakan ce shi bai taɓa ganin cinikin da aka yi wa wani dole ba, kowa abin da ya fi so ya karɓa ya tafi.

A daminar 2023 aka rufe iyaka. Makon farko baƙi shida suka zo, na biyu mutum ɗaya, daga nan tsit. Ciyawa ta fito tsakanin turaku. Nama ya yi tsada a kasuwa, masu gero kuma suka rasa masu ɗauka zuwa arewa. Abin da Ba Kalli ya kasa ganewa ke nan, wa aka taimaka?

Sai wani mai buga bulo ya zo neman hayar filin, da sharaɗin a cire turaku. Gumsu, matar Ba Kalli, ta ce a ba shi.

"Malam, itace muke kiwo? Wata biyar ina dafa mudu ɗaya, da can bakwai nake ɗorawa."

"Masu su ba su mutu ba, Gumsu."

"Mu ma ba mu mutu ba tukuna. Shi ya sa nake magana."

Ya ce ta ba shi zuwa Babbar Salla. In gidan bai farfaɗo ba, da hannunsa zai tuge su.

Aka buɗe iyaka bayan wata bakwai da 'yan kwanaki. Mutanen hanyar Machina suka dawo, turke goma sha tara suka sami igiya. Sauran ashirin da huɗu shiru, har da na Bobboi. Saura mako uku Salla wani direban tirela ya ce ya ga Bobboi da idonsa a kasuwar Gashuwa, da bajimai takwas. Maganar ta soki Ba Kalli. In Bobboi ya sake fatoma, sauran ma sun sake ke nan.

Da safe ya hau mota. Ya tarar da Bobboi a gindin wata bishiyar bedi a gefen kasuwa, shanunsa ɗaure a saiwa, tabarma da butar shayi a ƙasa.

"Bawana, guduwa ka yi?" in ji Ba Kalli, don tsakanin Barebari da Fulani wasa tsoho ne.

"Wa ya ga ubangida ya biyo bawa a motar haya? Zauna, Babarbare, ka sha shayin mutane."

"A gidan wa ka sauka?"

"Ga gidan nan kana zaune a ciki. Turkena yana Nguru, zan ci tuwon wani? Zuwa huɗu ke nan a nan nake kwana. Dillalai suna ta zagaya ni kamar sun ga gawa."

Ba Kalli ya kurɓi shayin.

"To me ya hana ka ƙarasowa?"

Bobboi ya ɗaga yatsu. Tun da aka rufe, hanyar Nguru ta tara shingen jami'ai har tara, an buɗe iyaka amma su ba su tashi ba. A kowanne sai a tsaya, shanu su yini ba ruwa. Ta Yusufari uku ne kawai, ga rijiyoyi a hanya. "Sa ba ya jin zumunci, Ba Kalli. In ya rame, ya rame."

"Ku nawa ne haka?"

"Mu goma sha biyu, duk naka. Wancan ma da ke ɓuya bayan raƙumi naka ne, kunya yake ji."

Ba Kalli ya yi lissafi a tsaye. Ƙaninsa Ridwanu yana da kango kusa da kasuwar, taku ɗari uku bai cika ba. Daga Nguru tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, ranakun kasuwannin biyu kuma ba su haɗu ba. Ya tara su goma sha biyun, ya ce duk wanda ya yarda a tuge turkensa a kawo Gashuwa ya faɗa da bakinsa. Suka faɗa ɗaya bayan ɗaya, Bobboi a ƙarshe, shi ma sai da ya nemi a ƙara masa man shanu a tuwo.

Ranar Juma'a aka loda turaku goma sha biyu a akori-kura, mutane na tambaya ko itacen girki ya yi tsada a Gashuwa ne. Kusurwar da suka bari aka ba mai bulo, hayar ta shiga hannun Gumsu. Sauran goma sha biyun da ba a ji ɗuriyar masu su ba suna nan a tsaye.

Yanzu Ba Kalli kwana huɗu yake a Nguru, uku a Gashuwa. Baƙinsa sun kai talatin da takwas, bakwai sababbi ne. Gumsu tana ɗora mudu biyar, matar Ridwanu uku, kuma su biyun sun fara musu kan wadda Fulani suka fi yabon miyarta.