Jirgin da Direba Ya Kawo Mini a Kwali

Shekaru da dama baya, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce riƙon ƙwarya za su yi, na samu karaya a ƙafa. Ni tela ne a bakin kasuwar Filinge. Na je Baleyara sarin yadi ranar kasuwa, a hanyar dawowa wani jaki ya ga dama ya tsallaka kwalta daidai lokacin da na iso a kan moto, wato babur. Jakin ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya yi gaba. Ni kuwa sai ɗaukata aka yi.

Ƙafar dama ce, wadda nake taka keken ɗinki da ita. Mai ɗori ya zo daga Bonkuku ya yi aikinsa, ƙashi ya haɗu, amma ƙafar ta sandare, zuciyata kuma ta mutu. Na daina leƙa ko zaure. In masu gaisuwa suka zo, sai in sa mai ɗakina ta ce barci nake. Sallah ta zo ta wuce shagona a kulle, masu kawo mini ɗinki suka koma wajen wasu. Aka kwaso keken aka ajiye a lungun ɗaki, aka rufe shi da tsohon zane.

Mutum ɗaya ne ba ya jin "barci yake": abokina tun na ƙuruciya, direban motar haya tsakanin Filinge da Yamai. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya faɗo ɗakin da kwali a hammata, ya zazzage mini shi a kan tabarma.

"Tashi, tela, aiki na kawo maka."

Na ce, "Mi na wanga kuma?"

"Jirgi na, mai saukar ungulu, na wasa. Wani Anasara na kai ma kaya filin jirgi. Tun da soja sunka hau, an ce masu porje, Turawan ga masu aikin taimako, su tattara su tahi, shi na yab bar mini. Ga shi duk a wargaje. Ni yatsuna na tuƙi na, ba su iya kama ƴan kusoshin ga."

"Ba ka ga ƙafata ba?"

"Da ƙafa aka ɗaura kusa?" Ya ɗauki hularsa ya fice.

Na yi kwanaki ban taɓa shi ba. Amma zaman ɗaki yana da tsawo, kuma a jikin kwalin akwai hoton jirgin a haɗe, kullum yana kallona. Gangar jikin lafiya lau take, da manyan fukafukan. Abin da ke wargaje shi ne kan jirgin. Akwai wata siririyar sanda ta ƙarfe kamar wayar ƙafar keke, wadda ke ratsa kan a gicciye, ita ce ke hana shi tangaɗi a sama. Kowane bakinta ana murɗa masa ɗan filafili na roba, bai wuce faɗin babban yatsa ba. Sai wasu ƴan hannuwa biyu masu riƙe sandar, da kusoshin da ba su fi ƙwayar gero girma ba.

Babu turnabis, abin murɗa kusa, da zai shiga kansu sai ɗan ƙaramin da ke cikin aljihun kekena. Dole na ja jiki na yaye zanen nan. Warin man keke da ya bugi hancina, sai da na daɗe zaune a wurin ban motsa ba.

Na haɗa shi cikin rana ɗaya, ina ta jin kaina. Aka sa masa caji, na fito da shi tsakar gida, na danna telekoman, ɗan akwatin da ake sarrafa shi da shi daga nesa. Jama'a, abin nan ya kama karkarwa kamar mai masassara, ya yi tsalle gefe, ya faɗa cikin farantin kuɓewar da mai ɗakina ta shanya. Kaji suka watse. Ita kuwa dariya har da riƙe ciki.

"Maigida, wanga jirgi na ko mai bori?"

Rabona da jin dariyarta tun kafin jakin nan. Ni ma ban san lokacin da na kama ba.

Na sake kwance shi. Da na sa tef ɗin awona, sai na ga sandar ta fi tsawo ta gefe ɗaya, tamkar rigar da hannu ɗaya ya ɗara ɗaya. Na mayar da ita tsakiya cif, na ɗaure. Filafilan ma ashe ɗaya na juya shi baibai, bakinsa mai kauri yana kallon baya maimakon inda ake juyawa. Na gyara, na murɗa su daidai wa daida, na riƙa ɗaga jirgin saitin idona ina hangen su har suka kwanta a layi ɗaya, babu mai ɗaga kai.

Da abokina ya dawo ya ce, "To, ba a tashin jirgi cikin gida. Mu tahi gona."

Na ce mutane za su gan ni da sanda.

"Su gan ka mana. Sata ka yi?"

Haka na fita, ina dogarawa, yana riƙe da jirgin. Daga ƙofar gida zuwa bayan gari ban san yawan waɗanda suka tsayar da ni ba. "Barka da arziki, tela!" Wata tsohuwa har ta ce jikarta na da biki, yaushe zan buɗe. A gonar da aka riga aka girbe muka ajiye shi. Na tura maɓallin a hankali. Ya yi ƙugi, ya ɗaga, ya tsaya daidai ƙirjin mutum ba ko girgiza. Direba yana ta kabbara kamar mun sauka Jidda. Daga nan na rikice na kifa shi cikin karan gero, amma ai ya riga ya tashi.

A makon na fara koyon taka keke da ƙafar hagu. Kafin a yi zaɓe sojoji su koma bariki, shagona a buɗe yake.

Sai bayan shekaru, a wajen wani suna, matar abokina ta yi suɓul da baka ga mai ɗakina. Ashe jirgin a haɗe Anasaran ya ba shi. Shi ya zauna a tsakar gidansa ya kwance kan jirgin, kusa bayan kusa, yana cewa, "In na ce mishi ya tashi, ba shi tashi. Amma bai iya ganin abu a ɓace ya ƙyale."

Na tare shi a tasha na tambaye shi. Ya ce, "Ni? Ina ni ina jirgi?" Ya hau kiran fasinjan Tabla.

Mutane da yawa sun yi mini nasiha a wancan lokaci, Allah Ya saka musu. Amma wanda ya tashe ni bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Ya san halina ne kawai, ya kuma rufa mini asiri har daga kaina. Har yau bai amsa ba, ni ma na daina tambaya. Duk Sallah dai rigarsa nake fara yankawa, kuma duk shekara sai ya ce wuyan ya matse shi.