Neman Rijiya a Bakin Kwara

Garhanga zuwa Madawa

Kafin kiran asalatu na ɗora wa jakina mangala, na bar ƙauyenmu da ke gabas da Garhanga, shekara biyu kafin yaƙin Jamus. Rijiyarmu ta ƙafe, dattawa sun ce in bazara ta tsananta babu ruwa, gari zai watse. Akwai wata tsohuwar rijiya da aka binne zamanin hare-hare, kuma mutum ɗaya ya rage da ya san gurbinta: Kawu Alhasan, ƙanen uwata, wanda aikin tilas ya kai Yamai ya zauna can. Ni aka aika, don an san ni da naci. Na kwana Buza, washegari da la'asar na shiga Madawa, na ba wani ɗan garinmu ajiyar jakin sai na dawo.

Konni da Doso

Ƙarfe bakwai na safe na hau kamyo, babbar mota mai ɗauke da fatu, dala shida har Yamai. Warin fatun ya hana ni cin ƙulin da na yi guzuri. A shingen Konni gardi ya karɓi takardata.

"Mi za ka yi Yamai?"

"Biɗar rijiya."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Garin kogi? Wuce, Allah shi ba ka lahiya."

Kwana biyu muka yi Doso ana gyaran taya.

Yamai, unguwar Sarkawa

Da hantsi na ga kogin Kwara. Gaskiya haushi na fara ji, ganin mata na watsar da ruwan da zai shayar da gidanmu kwana uku. Inna Hamsatu, matar Kawu, ta hana ni faɗin abin da ya kawo ni sai da na wanke fuska a kogi na ci kifi, don haka danginta Sarkawa, masuntan kogin, suke karɓar baƙo. Ta ce kakanninsu farautar dorina ta kawo su, suka ɗaure jiragensu a gindin wata tsamiya, unguwa ta tsiro daga nan. Har yanzu amarya cikin jirgi ake kai ta, ko da gidan mijin yana bayan katanga.

Amma Turawa sun ce unguwar ta koma kan tudu, nesa da ruwa. Can na iske Kawu cikin rami, jar ƙasa har gira.

"Kawu, gida nika son ka koma."

"Ɗana, shekara ashirin mutanen ga na yi mini ba'a, wai mahaƙin rijiya bakin kogi. Yau babu wanda ya iya sai ni. In tahi in bar su?"

Nacina bai yi aiki ba. Kwana tara na yi ina ja masa guga, muka cim ma ruwa. A ranar ya zana mini gurbin tsohuwar rijiyarmu a ƙasa: daga dutse mai tsaga, taki arba'in yamma, gaba goma sha ɗaya ƙasa. Ya miƙo mini wani tsohon gora.

"In kun samu, aiko mini. Ruwan kogi bai taɓa kashe mini ƙishi ba."

Gida

Da aka gan ni ni kaɗai, wasu suka fara ɗaure kaya. Ban yi gardama da kowa ba, na ƙirga takina, muka kama haƙa. A gaba ta goma sha ɗaya yashi ya yi sanyi a hannuna.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Sarkawan da suka ciyar da ni. Gugan farko kowa ya miƙo ƙwarya, na ce su dakata. Goran Kawu na fara cikawa, na liƙe bakinsa da kakin zuma, na sake ɗora wa jaki mangala.