Aikin Kakana a Apapa

Ina aji biyu na sakandare a Malesiya malamar tarihi ta ba mu aiki. Kowa zai zana asalin gidansu, ya rubuta sana'ar kakanninsa, ya kuma naɗo muryar wani tsoho a waya. Ranar Litinin za a saka muryar a gaban iyaye, wanda ya naɗo ta ya fassara wa aji.

Ni ba na son magana a aji. Kujerata tana can baya, jikin taga.

Na tambayi Baba muna cin shinkafar da ya yo mana tapau, wato ya sayo a ƙunshe, a kan hanyarsa daga kwalejin da yake koyarwa.

"Kakanki akawu ne," in ji shi. "A ofishin tashar jiragen ruwa ta Apapa, a Legas. Rubuta haka."

Na rubuta. Mama tana ta juya cokali a kofin da babu sauran shayi a ciki.

Ranar Asabar da la'asar, lokacin hantsi ne a Najeriya, na kira Kaka, mahaifiyar Baba, da ke zaune a Agege. Na jingina wayar da kwalbar yaji, na danna wurin naɗar murya.

"Ke 'yar Malesiya, kin tuna da ni? Hausar taki ba ta zube a hanya ba?"

"Kaka, ina kwana. Labarin ofishin Kaka marigayi nake so ki ba ni."

"Ofishin wa?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce tun da suka baro Zariya da tabarma ɗaya, mai gidanta bai taɓa zama a kan kujera da sunan aiki ba. Dako yake yi. Jirgi ya tsaya, su sauke buhunan siminti a kafaɗa daga safe har yamma. Ita kuma tana naɗe goro a ganye a kasuwa, idan ya dawo ta shafa masa man kaɗanya a inda fatar ta saluɓe.

"Tambayi wancan," ta ce. Ba ta kiran sunan Baba, don shi ne ɗanta na fari. "Ai shi yake wanke masa rigar."

Na ɗaga kai. Baba yana tsaye a ƙofar baranda da tawul a hannu. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Ya ninke tawul ɗin gida biyu, ya sake ninkewa, ya gaishe da Kaka daga nesa, ya shiga ɗaki.

Ranar Lahadi babu wanda ya ta da zancen. Na zauna da takardata ina kallon kalmar da Baba ya sa na rubuta. A ajinmu akwai Malayawa da Sinawa da Indiyawa, babu mai jin Hausa ko ɗaya. Duk abin da na ce Kaka ta faɗa, shi ta faɗa. Mutum ɗaya ne kawai zai san gaskiya, kuma ya riga ya goge rigar da zai sa.

Na tambayi Mama a kicin yadda zan yi.

"Ni surukuwa ce a gidan nan," ta ce. "Kada ki sa ni a ciki."

Da safe ni da Baba muka hau jirgin ƙasa daga tashar Wangsa Maju. Baba ya riƙe ƙarfe yana kallon waje.

A aji wata yarinya ta fara, kakanta malamin asibiti ne a Ipoh. Aka tafa. Sai aka kira ni. Iyaye suna zaune a baya a kan ƙananan kujerunmu, gwiwoyin Baba sun kusa taɓa ƙirjinsa. Na danna wayar. Dariyar Kaka ta cika ajin, wasu suka taya ta ba su san dalili ba.

Muryar ta ƙare. Na ɗaga takardata.

"Kakana ɗan dako ne," na ce da Turanci. "Siminti yake ɗauka."

"Ɗaga murya mana," in ji malama. "Ba a jin ki a baya."

Na sunkuyar da kai kan takardar. Na ji kujera ta yi ƙara.

"Ta ce mahaifina ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa," in ji Baba yana tsaye. "Haka ne. Amma ba siminti kaɗai ba. Har da gishiri. Gishirin ya fi cin fata."

Malama ta tambaye shi shekara nawa mahaifin nasa ya yi yana wannan aiki. Baba ya fara amsawa, ya tsaya. Sai ya dube ni, ya ce da Hausa, "Ci gaba, akwai saura. Ba ki faɗi na goro ba."