Itacen Baffa Gola

Idan ka shiga Rano ka tambayi Malam Badamasi, za a ce maka wanne daga ciki. Ka ce Baffa Gola, ko mai ƙosai za ta nuna maka ƙofar gidansa. Ƙanin mahaifina ne. Ya koyar a firamare a Zurgu har ya yi ritaya, yanzu sai ɗan noman gyaɗa da faɗa da jikoki. Yatsunsa biyu na hagu a karkace suke, ƙwallo ce ta karya su, kuma wallahi yana ji da su fiye da takardarsa ta malanta.

Yana saurayi ya shiga wata kwalejin horon malamai a bayan gari, wadda aka daɗe da rufewa. Filin ƙwallonsu ba shi da ƙarafan raga, sai ɗalibai suka saro ɗanyun rassan cediya suka kafa, suka ɗaura gora a sama. Shekarar da suka ci kofin kwalejojin yankin nan, wajen ƙarshen shekarun saba'in, Baffa ya ce ba wanda ya zura masa ƙwallo a wannan filin. Mun gaji da musu, mun bar masa. Da damina ta sauka, sandunan gabas suka yi saiwa, na yamma gara ta cinye. Makaranta ta watse, fili ya koma gona, cediyoyin biyu suka girma suna kallon juna, tsakaninsu faɗin raga.

Sagiru, mai ci musu ƙwallo, shi ya fara rasuwa, a hatsarin mota a hanyar Kano. Ranar an rasa isasshen itacen da za a jera a rufe kabari kafin a zuba ƙasa. Baffa ya saɓi gatari ya tafi, ya dawo da rassan cediyar nan. Shi ke nan abu ya zame masa. Duk ɗan ƙungiyar da ya rasu, ko a Lausu ne ko a Rurum, ko ana ruwa, sai Baffa ya kai masa itacensa. Malamai sun gaya masa itace itace ne, ba ya ƙara wa mamaci komai. Ya ce ya sani, bai ce yana ƙarawa ba.

Ni nake kai shi filin a babur, yawanci bayan la'asar. Sai ya tsaya tsakanin bishiyoyin ya fuskanci dawar mutane, yana kiran sunaye ƙasa-ƙasa, kowa da inda yake tsayawa. Da farko dariya nake ƙunshewa. Ranar da ya daka wa Munzali, ɗaya daga cikin 'yan wasansu, tsawa wai ya koma baya, alhali da hannuna na zuba wa Munzali ƙasa, daga ranar ban ƙara dariya ba.

A lissafinsa duk sun tafi, shi kaɗai ya rage. Akwai Ramalan ɗan Kibiya, mai tsaron baya, amma shi ya tafi Kudu tun da daɗewa, ba labari, danginsa ma sun fitar da rai. Abin da ke cin Baffa ɗaya ne: wa zai saro masa nasa? Na ce ga ni, haba Baffa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni ko gatari ban iya riƙewa ba.

Bara aka sayar da gonar. Wanda ya saya sito zai gina, bishiyoyin kuma a tsakiyar wurin suke. Baffa ya sa babbar riga ya je ya roƙe shi. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi haƙuri, ya ce ya sari abin da yake so kafin masu inji su zo. Ni raina ya ɓaci, na so in yi masifa, Baffa ya harare ni na haɗiye. Da kansa ya sari nasa, yana aunawa da kamu, ya kawo ya jera a lungun zaure. Matarsa, Hajiya Zulaiha, ta rufe su da tabarma tana kuka tana cewa wannan wane irin tsufa ne. Jikoki suka daina wasa a zauren. Shi kuwa hankalinsa ya kwanta, har ƙiba ya ɗan yi.

Bayan girbi aka yi masa waya daga Kibiya. Ashe Ramalan yana raye duk shekarun nan. An dawo da shi gida ba lafiya, bai yi mako ba ya cika, za a kai shi bayan azahar. Baffa ya ajiye wayar. Sai ya tashi ya yaye tabarmar, ya ce in kawo igiya.

"Baffa, naka ne fa. Masu inji sun tumɓuke bishiyoyin, ina za mu samo maka wasu?"

"Ni na tsaya a inuwarsu shekara da shekaru, Jabiru. Shi bai ma san sun tsiro ba. Ɗaure."

Na ce ko a raba biyu. Ya ce ba a rufe mutum rabi. Na ɗaure ina hawaye, haushi da tausayi sun haɗe mini, muka kama hanya. Da hannunsa mai karkatattun yatsu ya miƙa wa masu haƙa, ɗaya bayan ɗaya, har suka ƙare.

A hanyar dawowa ya ce in biya da shi filin. An zuba kankare, an fara jera bulo, ko kututture babu. Ya sauka ya yi gaba, ya dawo, ya koma gefe, hannayensa a ɗan buɗe kamar mai jiran ƙwallo.

"Nan ne ko can?"

Ban sani ba. Na nuna masa wani wuri kawai, ya je ya tsaya. Ya buɗe baki zai kira suna, sai ya fasa.

Yanzu Hajiya ta naɗe tabarmarta, jikoki sun dawo suna tsalle-tsalle a lungun. Baffa yana zaune a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa, bai ƙara tayar da maganar itace ba. Ni ne dai ba na son shiga zauren nan.